Na ce wa Alhaji na iya sa karo, ban iya ba, kuma aikin ranar Asabar ne

Ɗan Garuwan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ta gaggawa kuwa, don yau Laraba.

Shekaranjiya bayan La'asar ina zaune a shagon wani abokina mai sayar da siminti a nan unguwar Yelwa ta Garwa, a Kamaru. Ba saye ya kai ni ba, iskar fankarsa na je sha, don wanda ya san Garwa a watan Afrilu ya san ɗakin da ba fanka tanderu ne. Sai ga wani Alhaji ya tsaya da mota, ya leƙo yana tambaya ko mun san mai sa karo, abin da mutanen Najeriya ke ce wa tayil. Wai wanda ya ɗauka ya karɓi kafin alƙalami ya tafi biki Gidar, mako uku ke nan ko waya ba ya ɗagawa. Mai shago bai gama gyaran murya ba na ji bakina ya ce, "Ga ni nan, Alhaji." Wallahi ban aike shi ba. Alhaji ya dube ni daga hula har silifa, ya ce, "Ka iya?" Na ce ai a cikin karo aka yanke mini cibiya. Ya zaro jaka 10, wato sefa dubu 10, ya miƙo, ya ce ɗaki ɗaya ne da banɗaki, in zo Asabar da sassafe, sauran jaka 15 in an gama.

Iyakar abin da na sani game da karo shi ne ana taka shi, kuma yana da daɗin kwanciya in zafi ya yi zafi.

Kar wani ya ce in mayar da kuɗin. Jaka 5 ta tafi wurin mai gidan haya, wanda da ma ya fara yi mini sallama da ƙarfi a gaban maƙwabta. Jaka 3 shinkafa da mai da magi. Jaka ɗaya maiɗakina ta karɓe ba tare da ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Ragowar ɗayar ce ke aljihuna, ita ma ta fara karyewa.

Aikin da na iya tsakani da Allah guda ɗaya ne, garuwa. Shekara shida na yi ina tura amalanke mai jarka 12, kowace lita 20, daga famfo zuwa gidajen da ruwa bai kai ba. Lissafa da kanka, kilo 240 ke nan, ban da nauyin amalanken da taya ɗaya da kullum ke neman iska. Baya ne ya ce ya gaji, shi ya sa na ajiye. Daga nan na shiga zua-zua, man fetur na kwalba a bakin titi, har na fara ganin haske. Sai ga watan Mayun 2023, Tinubu ya hau mulki ya ce tallafin mai ya ƙare. Magana a Abuja aka yi ta, amma teburina ne ya kife a Garwa.

Tsakanin nan da can kuwa, ba abin da ban ce na iya ba. Na fi tunawa da lokacin gasar ƙwallon Afirka, Janairun 2022, da aka ajiye Najeriya a nan filin Rumde Ajiya. Garin nan ya cika da mutanen Yola da Mubi da Kano, kowa aljihu da nauyi. Na sa tela ya ɗinka mini tutar Najeriya guda 30, suka ƙare ranar da aka ci Masar 1-0. Aka ci Sudan 3-1, aka ci Gini Bisau 2-0, sai kaina ya kumbura. Na lallaɓa maiɗakina ta ba ni kuɗin adashenta, na ce wa tela ya yi 200. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta zuba ɗaya, aka ba Iwobi jan kati, kafin gari ya waye baƙi sun watse kamar an yi ruwa an ɗauke. Guda 11 na sayar. Sauran 189 suna ƙarƙashin gadona har yau. Na taɓa tunanin in rina farin ya koma ja in sayar a matsayin tutar Kamaru, to ɗaya koren fa, wa zai mai da shi rawaya?

A lokacin gasar ne kuma wasu baƙi huɗu 'yan Kano suka ce suna son ganin dorinar Binuwai, an ba su labari. Na ce ai ni da dorina tare muka tashi. Ni da ko iyo ban iya ba. Na yi ciniki da mai kwalekwale, muka yi ta sama da ƙasa kusan awa biyu, ko kunnen dorina ba mu gani ba. Da na ga fuskokin baƙi sun fara canzawa, sai na hango wani baƙin dutse ya ɗan leƙo daga ruwa. Na sa yatsa a baki, na ce a yi shiru, ga ta can tana barci, kada a matsa. Suka zaro wayoyi suna ɗaukar hoto, ɗaya har yana salati. Muna cikin haka wani yaro ya iyo ruwa, ya haye kan dorinar, ya shimfiɗa wandonsa ya fara wanki.

Ban karɓi ko dala ba ranar. Mai kwalekwale ma daga aljihuna na biya shi.

To yanzu ga inda nake. In je Asabar in yi ta maza, ko in kashe waya in tafi biki Gidar kamar na farko? In akwai magini a nan, don Allah ya faɗa mini ko abin nan mutum zai iya koyonsa a kwana biyu.

Tsohon Maginin Domayo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, irinku ne kuka sa masu gida suka daina ba mu kafin alƙalami, sai mutum ya yi aikin kwana uku da yunwa kafin a yarda da shi. Na yi dariyar dorina har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, amma maganar karo ba ta dariya ba ce. Fenti in ka ɓata, ka sake shafawa. Karo in ka ɓata, guduma ce maganinsa, kuma kuɗin Alhaji ne za a farfasa.

A kwana biyu ba za ka koya ba. Ni na fara yaron magini a nan Marwa a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, kuma sai da na yi shekara biyu ina ɗebo yashi daga rafin Mayo Kaliyawo ina kwaɓa siminti kafin maigidana ya bar ni na taɓa cokalin gini. Amma ka riga ka ci ladan kuturu, aski ya zama dole. Shawarata ta farko, nemo wanda ya iya, ka ba shi kaso mafi girma, kai ka tsaya a lebura. In ka ƙi ji, to ga abin da zai rage maka kunya.

Fara da awo. Ɗaki mai mita 4 ta kowane gefe murabba'in mita 16 ne, in karon mai santimita 40 ne guda 100 zai ci, sai ka tabbatar akwai rarar guda 10 saboda yanka da fashewa. Ka ƙirga a gaban Alhaji tun kafin ka fara, don kada daga baya a ce ka sayar.

Kada ka yarda da bango. Ban taɓa ganin bangon da ya miƙe kamar yadda mai shi yake zato ba. Ja igiya biyu su haɗu a kusurwa, ka auna santimita 60 a ɗaya, 80 a ɗayar, in tsakanin alamun biyu ya ba ka 100 daidai, kusurwarka ta zauna. Igiya za ka bi, yanke-yanken kuma ka tura su gindin bango inda kujera ko gado zai rufe. Tsayin daɓe kuwa, sami siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka yi alama a bango huɗu. Ruwa ba ya ƙarya, ido yana yi.

Jiƙa karon a cikin baho kafin ka sa, in irin mai shan ruwan nan ne, in ba haka ba zai tsotse ruwan simintin ya ƙi kamawa. Kwaɓi kuwa, awo ɗaya na siminti, huɗu na yashi, ba ruwa tsululu ba, yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya. Ka baza, ka daidaita, ka zuba kunun siminti a kai, ka ɗora karo, ka bubbuga da gudumar roba. Kada ka kwaɓa da yawa, zafin garinku ya fi namu, kafin ka juya ya bushe a baro. Tsakanin karo da karo ka bar 'yar tazara iri ɗaya, in ba ka da robobin da ake sawa, tsinken ashana ma ya isa. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ƙwarya, akwai rami a ƙasa, ɗaga shi tun yana ɗanye.

Banɗaki kada ka taɓa shi. Can sai an yi wa daɓe gangare, kamar santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ruwa ya nufi magudana. In ka kuskure, Alhaji zai yi wanka a banɗaki ruwan ya je ya same shi a falo.

Na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci: ka fara daga ƙuryar ɗaki kana ja da baya zuwa ƙofa. Ɗanyen karo ba a taka shi sai ya kwana, in so samu ne ya kwana biyu.

Hajiya Mai Tuwon Njamena ta rubuta:

Ƙanena, Allah ya shirye ka, ka sa na ƙona miya. Matarka nake tausayi, adashen mutum guda a ƙarƙashin gado, kore da fari.

Ni "na iya" ɗin wani ce ta taɓa cinye mini cinikin yini. Ina sayar da tuwo da shinkafa kusa da kasuwar Dembe. Wata shekara wani yaro ya zo daga wajen Mubi, ya ƙetaro ta gadar Ngeli daga Kusiri, yana neman aiki. Na ce masa nan garin Larabci ake ciniki da shi, ka iya? Ya ce ai ya yi shekara bakwai a makarantar allo, har ya karanto mini lissafi daga wahid zuwa ashara. Na ce madalla. Ranar ina da suna a gidan ƙanwata, na ce masa kwano sefa 500 ne, na bar shi da tukwane na tafi.

Abin da ban faɗa masa ba, don ban zaci akwai wanda bai sani ba, shi ne a nan da riyal ake lissafi, riyal ɗaya kuma sefa 5 ne, kamar dalarmu dai. Kwanon sefa 500 "miya" ake ce masa, wato riyal 100. Shi kuwa bawan Allah duk wanda ya tambaya sai ya ce masa "hamsa miya". Mutane suka ji sefa 2,500 a kan tuwo da miyar kuka. Wani direba har ya tambaye shi ko da raƙumi aka yi miyar. Da La'asar na dawo na tarar da tukwane yadda na bar su, shi kuma yana zaune yana kore ƙuda, yana ce mini mutanen Chadi ba su da cin abinci. Almajiran unguwa suka sha gara ranar.

Yaron yana wurina shekara uku bayan nan, yanzu ma nasa teburin yake da shi. Abin da ya sa ban kore shi ba, da na gane abin da ya faru bai tsaya gardama ba, cewa ya yi, "Hajiya, Larabcin nawa na sallah ne." Kai ma je ka sami Alhajin nan tun gobe, ka ce masa bakinka ne ya yi gaba. Ka ce za ka biya jaka 10 ɗin da ƙarfinka, ɗaukar yashi ne, tace ƙasa ne, wankin mota ne. Zai yi faɗa, faɗa kuma ba ya fasa karo.

Kalando Ba Birki ya rubuta:

Yaya, kada ka saurari tsofaffi, je ka yi abinka. Wa aka haifa da sana'a? Ni a da dako nake yi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, in jirgin Yawunde ya iso da safe mu yi ta kokawa da buhuna. Wata rana mai babur ɗin unguwarmu zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce wa ya iya tuƙi ya riƙe masa na yini ɗaya. Na ce ni. Tayarwa kam na iya, na sha gani. Na ɗauki wani ɗan kasuwa da jakarsa zuwa unguwar Balaji, muka iso ƙofar gidan ya ce a nan, na wuce. Ya ce a nan fa, na ce akwai hanya mafi kyau ta baya. Sau uku muna zagaya layin, matansa sun fito suna kallonmu muna wucewa kamar masu hawan sallah. Allah ya taimake ni rabin kwalba ne a tankin, man ya ƙare da kansa. Yau shekarata huɗu a kan babur, nawa na kaina. Buɗe YouTube daren nan, ka kalli yadda ake sa karo sau biyar, shi ke nan.

Telan Kusiri ya rubuta:

Ni ba ruwana da karo. Tutocin nan 189, in yadin bai ci ba, ina so in yi cikin matashin kai da su. Dala 10 kowace ɗaya, kuɗin mota a kanka.

Ɗan Garuwan Garwa ya rubuta:

Jama'a na dawo, da raina, yau Lahadi.

Baba na Domayo, Allah ya ƙara girma, sai dai in roƙi gafara. Daren Laraba da na karanta farkon saƙonku na ji faɗa, sai na yi zuciya na rufe. Abu ɗaya na riƙe, in nemo wanda ya iya. Hajiya, naki ma na karanta, har na kama hanyar gidan Alhaji ranar Alhamis, na hango motarsa a ƙofa, ƙafata ta juya da kanta.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je inda leburori ke zama jiran aiki, na ce wa ya iya karo. Wani dogon saurayi ya miƙe, ya ce shekararsa uku a Duwala ba abin da yake taɓawa sai karo. Na ji sanyi a raina. Muka yi ciniki, jaka 9 tasa in an biya.

Asabar da sassafe muka isa. Ɗakin mita 4 da 3 ne, karo 75 ke nan bisa lissafinku, kuma akwai rara. Na ɗauki baro zan ɗebo yashi, sai na ga shi ma ya riƙe hannun baron. Na ce a'a maigida, kai ka fara, ni lebura ne. Ya ce haba, kai ne mai kwangila, bismillah. Muka tsaya muna yi wa juna ladabi kamar surukai a bakin ƙofa. Da na matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya a Duwala kwalayen karo yake saukewa daga mota zuwa shago. Shekara uku, ba abin da yake taɓawa sai karo. Ƙarya dai bai yi ba. Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara.

Sai muka zauna a kan buhun siminti, na buɗe saƙonku, Baba, muna karantawa muna yi. Igiya, 60 da 80 da 100, wallahi ta fito daidai, har muka tafa. Tiyo muka aro wurin mai wankin mota. Ashana kwali biyu muka ƙarar. Mun kai daidai inda kuka ce "kuma shi ne mafi muhimmanci" wayar ta mutu, ga shi ba wuta a unguwar. Dogo ya ce ƙila addu'a ce. Muka yi addu'a, muka fara daga bakin ƙofa, don nan ne ya fi haske.

Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Sai da ladan ya kira Magariba muka ɗaga kai, muka ga mu biyu a ƙuryar ɗaki, a kan filin karo huɗu da ya rage, ƙofa tana can nesa, taga kuma da ƙarfuna. Dogo ya ɗaga ƙafa zai taka, na riƙe shi, don ko ba a faɗa mini ba na ga yadda karon ke motsi. Da butar da aka miƙo ta taga muka yi alwala, ruwan muka tara a kwanon kwaɓi. Sallah ɗaya bayan ɗaya, mai jira ya manne da bango. Yaran gidan suka jeru a taga suna kallo, ɗaya ya kawo mana ƙosai a takarda kamar masu zaman kaso.

Bayan Isha Alhaji ya dawo. Ya haska tocila ta taga, ya bi layin karon a hankali, ya haska fuskata, ya daɗe. Sai ya ce, "Kai ba kai ne ka nuna wa baƙina dorina ba?" Ashe 'yan Kanon nan a gidansa suka sauka, har hotona yana wayarsa, ina nuna dutse da yatsa. Ya ce tun a shagon siminti ya gane ni. Na ce to Alhaji me ya sa kuka ba ni aikin? Ya ce duk wanda ya iya da ya tambaya ninki biyu ya ce.

Maigadinsa ne ya zuro dogon katakon rufi, kai ɗaya a dokin ƙofa, ɗaya a kan bulon da muke zaune, muka rarrafo waje. Ƙuryar nan ta karo huɗu tana nan ba a sa ba, Alhaji ya ce da ma nan zai ajiye firij. Ya ba mu jaka 8, ya ce sauran sai ya ga yadda ɗakin zai kwana. Banɗakin na ce masa da bakina ban iya ba, karo na farko ke nan a rayuwata, har na ji kalmar ta yi mini baƙunta.

Baba, da safen nan na koma na ƙwanƙwasa daga bakin ƙofa iya inda sanda ta kai, guda bakwai suna amsawa kamar ƙwarya. In ɗaga su yau, ko ya riga ya makara?

Malam tela, dala 10 ta yi kaɗan, ko ɗinkin ya fi haka. Ka sa dala 20, kuma maiɗakina za ka tura wa kuɗin, ta ce in na karɓa da hannuna ba ta yafe ba.